Yaye a Bakin Shinge

Shekara arba'in ina tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, amma ban taɓa dillancin ciniki tsakanin uba da 'yarsa ba sai ran da Mai Shinge ya aiko a kira ni ofishinsa na cikin gona.

Na tarar da shi a tsaye. Shi dama ba mazauni ba ne, kujerarsa ta fi kowa hutawa a gidan nan. Yana ta kai-kawo tsakanin taga da firjin da ake ajiye allurar shanu, fanka na ɗaga takardun kan tebur tana sakewa. Autarsa na zaune kan buhun dusa da kayan makaranta a jikinta, farar safarta ta koma ruwan ƙasa.

“Zauna, Dillali,” in ji shi. “Kaska ta sake gudowa.”

Kaska ba sunanta ba ne, shi ya laƙaba mata tun tana tatata, saboda in ta maƙale jikin saniya sai an ɓamɓare ta. Shekararta goma sha uku a lokacin. Wannan ne gudunta na uku daga makarantar kwana, makarantar da sai ka yini a mota kafin ka hangi ƙofarta. A tirelar shanu ta dawo. Direban ya gane ta a bakin titi, ya ba ta gidan gaba, har da lemo.

“Sannu da hanya, 'yata,” na ce.

“Yauwa, Kawu. Ciniki za mu yi da Baba, shi ne na ce sai an kira ka. In ba shaida, gobe sai ya ce bai ce ba.”

“Ka ji ko?” in ji uban. “Ni ake kira wa shaida a cikin gonata.”

Na ce to a faɗi abin sayarwa. Ta gyara zama ta lissafo. Jibi za a yaye maruƙan bana. A ware arba'in a raba biyu. Ashirin ya yaye su yadda ya saba, ashirin a bar mata ta yaye su yadda ta gani a wani littafin noma a makaranta. A hau da su sikeli ranar farko, a sake hawa da su bayan mako uku. In nata sun fi ƙara nauyi, ta bar makarantar kwana, a sa ta jeka-ka-dawo ta cikin gari, ta riƙa kwana gida tana shiga garke da yamma. In nasa sun fi, ta koma, kuma ita da tsallake katanga har abada.

“Albarka,” in ji shi. “Littafi ne zai koya mini yaye? Wanda ya rubuta shi, saniya ta taɓa taka masa ƙafa?”

“Baba, ai kai ka tura ni inda na karanta shi.”

Dariya ta kuɓuce mini, ya watso mini harara. Ya je taga ya dawo, ya buɗe firji ya rufe ba tare da ya ɗauki komai ba.

“In kin faɗi, ba gudu kaɗai za ki bari ba. Ba kiran uwarki kina kuka.”

“Na yarda. Amma wajen rabon maruƙa ni zan fara zaɓa.”

“Ɗaya ke, ɗaya ni.”

“Ni ce farko.”

“Ke ce farko. Awo kuma rana ta ashirin da ɗaya, da hantsi. Ba jiya ba gobe.”

Na kama hannunsa na ɗora kan nata kamar yadda nake yi a kasuwa. Ya ce ya sallama, ta ce ta karɓa, na ce Allah ya ba mai rabo sa'a.

Sai na faɗa muku waye Mai Shinge, in ba haka ba za ku ɗauke shi mugu. Tare muka taso. Kiwon shanun wasu ya fara ba takalmi, har yau in ya cire safa za ka ga faso a diddigensa kamar busasshen tafki. Shi ya fara kewaye fili da waya a yankinmu lokacin da kowa ke yi masa dariya, daga nan ya samo sunan. Da Allah ya buɗa masa, garkensa ya haura dubu, ya haƙa rijiyar burtsatse uku, ya sayi sikelin da sa ke hawa lamba ta fito a gilashi. Allah kuma ya ba shi 'ya'ya uku, duk mata. Ya rantse ba wadda za ta yi warin kashin shanu. Da ya gina gida, duk tagogin da ke kallon garke sai ya sa aka toshe su da bulo. Ya ɗauko malama daga birni tana koya musu riƙe wuƙa da cokali mai yatsu, da yadda ake zama a kujera ba a naɗe ƙafa. Ya cika ɗaki guda da littattafan da shi kansa ko bangonsu ba ya iya karantawa. Ni da shi karatunmu ɗaya, mun san lamba, mun san sa hannu.

Irin yayen maruƙansa kuwa kowa ya san shi. Ran yaye da sassafe a loda maruƙa a mota, a kai su can bayan tudu, inda ko kukan uwa ba sa ji. Su yi ta zagaya shinge suna ihu, ba ci ba sha, har murya ta dishe. Shi kuma ya ce, “Kwana uku ne. In kuka ya tsaya, an gama.” Ya yi imani da maganar nan fiye da yadda ya yi imani da likitan dabbobi. To da ita ya yi renon 'ya'yansa. Kowace ta cika shekara goma, a loda mata akwati a kai ta makaranta mafi tsada kuma mafi nisa, zangon farko ba ziyara ba waya. Babbar ta yi kuka ta yi shiru, yanzu likitar ido ce. Ta tsakiya ta yi kuka ta yi shiru, tana shari'a a wani babban birni. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, su gaishe shi da ladabi kamar baƙi, su kwana biyu da turare a hanci, su tafi. Yana alfahari da su a gaban kowa. Kaska ce kaɗai kukanta ya ƙi tsayawa.

Ran yaye na je da wuri. Aka yi rabo, tana zaɓa yana zaɓa, kuma na lura yarinyar ba ta kallon girma, ƙashi take kallo da faɗin baya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Aka auna, Dogo babban makiyayi ya rubuta lambobin a bangon rumfar sikeli da alli. Ashirin ɗin uban suka hau mota zuwa bayan tudu. Ita kuma nata ba ta kai su ko'ina ba. Ta sa aka ƙara waya layi uku a shingen da ya raba filayen kiwo biyu, ta sa iyaye a wannan gefe, 'ya'ya a wancan. Suna ganin juna, suna shinshinar juna ta tsakanin waya, amma baki ba ya kai wa nono. Kwamin ruwa da na dusa ta sa aka jawo su dab da shingen.

Dogo ya riƙe ƙugu. “Ƙaramar uwar ɗakina, wannan ai kamar a ajiye wa mai yunwa akushi a gabansa ne a ɗaure masa hannu.”

“Dogo, kai in aka ɗaure maka hannu da ƙafa za ka ci.”

Makiyaya suka kwashe da dariya, ya tafi yana girgiza kai.

Makon farko ba wanda ya zauna a gonar nan. Iyayen maruƙan da aka kai bayan tudu suka taru a kusurwar da mota ta fita, suna kuka ba dare ba rana, har wata ja ta yage hantsarta a waya. Iska in ta juyo sai ka jiyo 'ya'yan daga nesa suna amsawa. Mai Shinge ya riƙa hawa akori-kurarsa sau huɗu sau biyar a yini, ya je bayan tudu, ya dawo, ya tsaya daga nesa yana leƙen shingen Kaska kamar ba shi yake kallo ba. Nata sun yi kuka yini ɗaya da rabi. A rana ta uku sai ga su sun sa kai a ciyawa, kowane yana kiwo daidai inda uwarsa ke kiwo a ɗaya gefen. In zafi ya yi su kwanta jikin waya, iyayen su kwanta ta can.

Kaska kanta ba ta zauna ba. Tun asuba tana bin shinge da filayar murɗa waya a hannu tana ɗaure inda ya saki. Ta ƙirga su da safe, ta ƙirga da azahar, ta sake ƙirgawa. Shugabar makaranta ta bugo waya sau biyu, uban ya ce yarinya ba ta da lafiya. Ni ma abin ya hana ni kasuwa. Sai in tashi da niyyar zuwa duba shanun wani, in tsinci kaina a ƙofar gonarsa.

Wata safiya a mako na biyu na iske uwar yaran a bakin shingen. Na yi mamaki, don rabona da ganinta a wajen garke tun kafin a toshe tagogi. Tana tsaye da takalmin cikin gida, raɓa ta jiƙa mata bakin zane, tana kallon wata saniya mai goshi na lasar kunnen ɗanta ta tsakanin waya.

“Ina kwana, uwar gida.”

“Lafiya lau, Dillali.” Ba ta juyo ba. “Abokinka kullum kukan maruƙa yake saurare. Ka taɓa jin ya tambaya yaushe na iyayen ke tsayawa?”

Na ce ai shanu da mantuwa.

“Shanu ko,” in ji ta, ta juya ta koma gida.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kafin mako na uku ya raba, duk mai ido ya san inda cinikin ya nufa. Na Kaska gashinsu na sheƙi. Na bayan tudu sun daina kuka sun fara ci, amma abin da suka zubar a kwanakin zagaye bai gama dawowa ba, kana iya ƙirga haƙarƙarin wasu. Mai Shinge ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Sau ɗaya kawai ya ce mini, muna jingine da mota, “Ka san abin da garke ke yi wa mutum. Ka ga hannuna. So kake in ga nata haka?” Na ce ba ni na haife ta ba.

Ranar awo na yi sammako, na ce bari in fara biyawa bayan tudu in rako motar. Tun kafin in kashe babur na ga abin da na gani. Maruƙa ashirin sun yi cincirindo a kan kwami suna turereniya, suna shan ruwa kamar waɗanda suka ratso hamada. Tankar ruwa na tsaye, Dogo na riƙe da tiyo yana ƙara musu. A gindin bishiya ga buhun gishiri biyu a yashe, ba komai a ciki.

Ba sai an yi mini bayani ba. A cakuɗa gishiri da dusa tun jiya da yamma, a kwashe ruwa, da safe a sake su kan kwami. Kowane maraƙi sai ya ɗura kilo biyar ko shida a ciki ya hau sikeli da shi. Tsohuwar dabara ce ta 'yan kasuwa. Kuma in za a bi salsala, ni na koya wa Mai Shinge ita shekara talatin da suka wuce, lokacin muna sayar wa mahauta shanu a kan nauyi.

Dogo ya kawar da kai. “Ni umarni aka ba ni, Dillali.”

Mai Shinge ya fito daga bayan tanka yana goge hannu. Muka kalli juna. Bai ce mini in yi shiru ba, ba ya buƙata. Shanunsa ɗari biyu ke bi ta hannuna kowace shekara.

“Don ita nake yi,” in ji shi.

Da hantsi aka taru a rumfar sikeli. Makiyaya sun bar aiki, mai tuƙa tarakta ya kashe inji, uwar yaran ta tsaya a inuwar mota. Aka fara da na Kaska. Suna hawa ɗaya bayan ɗaya tana kiran lamba da ƙarfi, Dogo na rubutawa. Da aka haɗa, sun ƙara kilo ɗari biyu da sittin da huɗu. Ta yi tsalle ta dafa kafaɗata.

Aka sauke na uban daga mota. Na farko ya hau, na biyu ya hau. A na uku sai na ga murmushinta ya ɗauke. Ba lambar take kallo ba, cikin maraƙin take kallo, ya yi tim kamar tulu alhali ƙashin bayansa a waje. Na huɗu yana kan sikelin ya saki fitsari kamar an buɗe famfo. Ta zagaya ta buɗe bakinsa da yatsa biyu, ta shinshina, ta goge hannu a siket.

Da aka haɗa, na uban sun ƙara kilo ɗari biyu da saba'in da tara. Ya fi ta da sha biyar.

Ba wanda ya yi tafi. Ta ƙi kallon ubanta, ni ta zo ta tsaya gabana.

“Kawu, ina roƙon abu ɗaya. A kwana da su duka a nan, nawa da nasa, ruwa ɗaya abinci ɗaya. Gobe da safe a sake aunawa.”

“Ciniki ya ce yau da hantsi,” in ji uban daga baya. “Ba jiya ba gobe. Da bakina na faɗa, kika karɓa.”

“Ba da kai nake ba, Baba. Da shaida nake.”

Duk ido ya dawo kaina. Kalma ɗaya ce, in ce gishiri. Ta san na sani, na ga hakan a idonta. Na tuna shanu ɗari biyu. Na kuma ce wa raina ai uba ya fi ni sanin abin da ya dace da 'yarsa, kuma karatu ba cuta ba ne, ga yayyenta nan. Mutum in yana son hujja ba ya rasawa.

“'Yata,” na ce, “abin da aka ƙulla shi aka ƙulla. Yau ne da hantsi.”

Sai ta ciro filayar daga aljihu ta miƙa wa Dogo.

“Kusurwar wajen rijiya tana saki, ka riƙa dubawa.”

Ta wuce cikin gida. Uwarta ta bi ta. Washegari Kaska ta fito da akwati, safa fara tas. Ta durƙusa ta gaishe da uban, ta gaishe ni, ta shiga mota ta ja ƙofa da kanta.

Muka yi ta jira. Duk tirelar da ta tsaya a bakin gona sai Mai Shinge ya fito taga. Mako biyu, wata guda, zango ya ƙare, ba ta gudo ba, ba ta kira tana kuka ba. Da hutu ta zo ta zauna a ɗakin littattafai, ko hanyar garke ba ta kalla ba. Sakamakonta ya fito ita ce ta biyu a aji. Ya kawo mini takardar har kasuwa yana nuna mini lambar da yatsa.

“Ka ji shiru ko, Dillali? An gama.”

Amma yana faɗa yana waige-waige, kamar wanda ya ajiye wani abu ya manta inda ya sa.

Ta cika alkawarinta har ƙarshe, ba ta ƙara ko da kwana ɗaya a kai ba. Da ta gama sakandare ta ce kiwon dabbobi za ta karanta, ya yi faɗa, ta ce ciniki bai hana ba. Yanzu ita ke riƙe da wata babbar gona ta wani kamfani a hayin kogi, shanu dubu uku a hannunta. Sau ɗaya take zuwa a shekara kamar yayyenta. Ta taɓa aiko wa dillalan yankinmu takarda cewa duk dabbar da za a kai mata sai ta kwana a rumfarta kafin ta hau sikeli. Ni ba ta aiko mini ba. In mun haɗu takan ce, “Sannu, Dillali.” Kawun ya tafi tun ran nan.

Mai Shinge ƙafa ta fara ba shi wahala, ba mai zagaya masa shinge sai ɗan haya. Shekara biyar ke nan yana rage garke, hamsin yau, ɗari gobe, duk ta hannuna. Ya sa an fasa bulon taga ɗaya, yana zama a wajen yana kallon abin da ya rage.

In kuna son lissafin dillali, ga shi. Maruƙan gonar sun ci riba, don tun shekarar nan Dogo a bakin shinge yake yaye, maigidan kuma yana yi kamar bai gani ba. Kamfanin hayin kogi ya ci riba, ya samu a sama abin da wani ya haifa ya rena. Ni na ci la'ada fiye da yadda na taɓa ci, kuma an ce “na shiga ban ɗauka ba” ba ta fid da ɓarawo, ni kuwa har na ɗauka. Kaska ta rasa shekara biyar na garken ubanta, ta samu garken wani. Uwarta ba a tambaye ta ba tun farko, ba a kuma tambaye ta a ƙarshe ba. Mai Shinge shi ya ci cinikin da kilo goma sha biyar na ruwa, kuma shi ne ya fi kowa faɗuwa.